Kuloci Bayan Canjin Inji: Yadda Ake Bin Sawun Matsalar a Tsohuwar Peugeot 504

Ranar da aka gama ɗora wa motata wani injin, yaran gareji har da tafi. Bugu ɗaya ta tashi, silo ya zauna daram, salansa babu hayaƙi. Na shiga na taka kuloci har ƙasa, na nemi ribas, sai giya ta ce ƙarrr, kamar ana wasa adda a kan dutse. Na saki, na kuma takawa, haka dai. Da ƙyar giya ta ɗaya ta shiga, tana shiga kuwa motar ta fara rarrafe alhali ƙafata na danne da feda.

Motar Peugeot 504 ce salun, irin waɗanda aka yi ta harhaɗawa a Kakuri ta Kaduna tun daga 1975, aka kuma ci gaba da yin su a can shekaru da yawa bayan Faransa ta daina. Kafin a sauke tsohon injinta babu abin da ke damun kulocinta. Babban yaron garejin ko sunkuyawa bai yi ba ya yanke hukunci: "Oga, filet ne. Jabu aka ba mu." Na biya kuɗin wani filet, wato faifan kuloci mai fata, aka sake ɗaga inji, aka mayar, ƙarar na nan yadda take. Sai da muka ci mako uku kafin gaskiya ta fito, kuma filet ɗin farko ba shi da laifin komai.

Ga dalilin da ya sa irin wannan ke yawan faruwa. Feda tana tafiya kusan santimita 14 ko 15 a ƙarƙashin ƙafarka. Kafin tafiyar nan ta isa rilis boris, wato boris ɗin da ke sakin kuloci, ta ragu zuwa ƙasa da santimita 1. Kafin ta kai ga ɗaga ƙarfen da ke matse filet, ta koma milimita 2 ko ma ba ta kai ba. Duk aikin kuloci a cikin wannan 'yar tazarar yake. To, idan aka kawo inji daga wata mota aka jona shi da giyabos ɗin da ba tare aka yi su ba, gocewar milimita 3 kacal ta isa ta cinye tazarar gaba ɗaya. Saboda haka bayan canjin inji, kafin ka zargi kayan da aka saya, zargi awo. Kuma ka fara daga waje, inda bincike ba ya cin kuɗi, kafin ka yarda a sake ɗaga inji.

Sunayen kayan suna bambanta daga gareji zuwa gareji, don haka mu daidaita. Fulawil shi ne faifan ƙarfe mai nauyi da ke bayan inji. Filet shi ne faifai mai fata a fuska biyu. Kaba ita ce murfin da ke matse filet a jikin fulawil, wanda wasu makanikai ke ce wa disk. Rilis boris shi ke danna yatsun kaba, fok ne ke tura shi. Kulocin sama shi ne famfon da ke bayan feda, kulocin ƙasa kuma shi ne wanda ke jikin giyabos yana tura fok. Akwai kuma wani ɗan bushin da ke zaune a ramin bayan karanshaf (babbar sandar da ke juyawa a cikin inji), inda kan sandar giyabos ke shiga. Riƙe sunansa, za mu dawo kansa.

Mataki na farko: san asalin abin da aka haɗa

Kafin a taɓa sifana, ɗauki biro da takarda. Rubuta kowane ƙarfe da inda ya fito: fulawil na tsohon inji ne ko na sabon? Kaba da filet fa? Rilis boris da fok na giyabos ɗinka ne, ko an ɗauko su cikin buhun da ya zo da injin? Yawancin masu mota ba su san amsar ba, makanikin ma sai ya yi tunani.

A Kofar Ruwa ko Panteka za ka ji ana cewa "injin Fijo ai injin Fijo ne". Ba haka ba ne. A 504 kaɗai akwai XM7 mai cc 1796, da XN1 mai cc 1971, da na dizal irin su XD2 mai cc 2304. A 505, wadda ta fito a 1979, akwai XN1 ɗin, akwai dizal XD3 mai cc 2498, akwai kuma wasu injinan fetur na daban masu cc 1995 da 2165 waɗanda ginin bayansu ba ɗaya yake da na XN1 ba. Wanda ya ce maka "injin 505 ne" bai faɗa maka komai ba tukuna. Nemi farantin lamba ko harufan da aka buga a jikin bulok.

Tambaya ɗaya ta fi sauran nauyi: motar da aka cire injin daga cikinta mai giyar hannu ce ko otomatik? Injin otomatik ba ya zuwa da fulawil na gaske, wani siririn faranti ne a madadinsa. Notinansa sun fi gajarta, kuma yawanci babu bushin a bayan karanshaf, domin giyar otomatik ba ta buƙatarsa. Injin da aka sa mini daga otomatik ya fito. An faɗa wa makanikin, ni ba a faɗa mini ba, ni kuma ban tambaya ba.

Mataki na biyu: bar motar ta faɗi ciwonta

"Kuloci ba ya yi" ba bayani ba ne. Ciwon iri huɗu ne, kuma kowanne hanyarsa daban.

Na farko, rashin saki, wato ka taka feda amma kuloci bai raba inji da giyabos ba. Tayar da inji, bar shi a silo, taka feda har ƙasa, ƙirga biyar, sannan ka nemi ribas a hankali. Ribas ake gwadawa domin a tsofaffin giyabos irin BA7 na 504 ba ta da zoben da ke daidaita gudu, don haka ba ta rufa wa kuloci asiri. Idan ta yi ƙara, sake gwadawa ta wata hanya: taka, sa giya ta ɗaya, dawo firi ba tare da ka ɗaga ƙafa ba, jira daƙiƙa biyar, sannan ka nemi ribas. Giya ta ɗaya ta riga ta tsayar da sandar giyabos cak. In har ribas ta sake ƙara, to akwai abin da ya sake juya sandar alhali kana danne da feda. Wannan rashin saki ne na gaske.

Daga nan yi gwaji biyu masu sauƙi. Taka feda da sauri sau biyar ko shida, ka riƙe, ka nemi giya. In ta shiga sumul, iska ce a layin mai ko robobin da suka gaji, kuma ba sai an ɗaga inji ba. Sannan a fili, sa giya ta ɗaya ka riƙe feda a ƙasa na minti guda. In da farko motar na tsaye, daga baya ta fara jan jiki, robar kulocin sama ce ke barin mai ya koma baya ta ciki. Ba za ka ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba, shi ya sa ake yawan wanke ta daga zargi.

Na biyu, santsi. Ja hambirki, sa giya ta uku, ƙara totur kaɗan, saki kuloci a hankali. Lafiyayyen kuloci zai kashe injin nan take. In injin ya ci gaba da aiki, ɗaga ƙafa ka daina, kada ka maimaita fiye da sau ɗaya ko biyu, don gwajin kansa yana ƙona fata. A kan titi kuma alamarsa ita ce ka taka totur a giya ta huɗu, inji ya ɗaga murya, gudu bai ƙaru ba, ga wari kamar an ƙona gashi.

Na uku, kakkarwa lokacin tashi, musamman a giya ta ɗaya da ribas.

Na huɗu, ƙara, kuma nan kunne ya fi ido aiki. In ƙarar na tasowa da ka ɗan ɗora ƙafa a feda, rilis boris ne. In sai ka danne har ƙasa motar na cikin giya sannan ka ji wani tsuwwa, bushin bayan karanshaf ne. In kuwa a firi take yi, ƙafarka a sama, tana ɓacewa da ka taka, to daga cikin giyabos take, ko kuma filet ɗin fetur aka sa wa injin dizal, sifirin ɗinsa suka kasa shanye bugun dizal a silo.

Mataki na uku: mai da iska

Kulocin 504 da mai yake aiki, ba da waya ba, kuma lokacin canjin inji kusan kullum sai an kwance kulocin ƙasa ko an bar shi yana reto. Nan ne ya fi dacewa a daɗe.

Buɗe tankin man. Man birki ne ake zubawa, DOT 3 ko DOT 4. Na taɓa ganin an ƙara man giyar otomatik don "shi ma ja ne, shi ma siriri ne". Duk man da aka samo daga ɗanyen fetur yana kumbura robobin cikin kwana kaɗan. In ka ga robar murfin ta kumbura ta yi laushi kamar tuwon da ya kwana a ruwa, sai dai a canja robobin sama da na ƙasa da tiyo, a wanke layin.

In man lafiya yake, fitar da iska. Hanyar da kowa ya sani, "taka, riƙe, saki", sau da yawa ba ta cin nasara a tsofaffin Fijo, domin iska sama take nema, kai kuma kana ƙoƙarin kora ta ƙasa. Juya aikin. Samo babban sirinji a kemis da ɗan tiyo mai tsabta, cika shi da man birki, jona a bakin fitar da iska na kulocin ƙasa, sassauta shi, ka tura man a hankali daga ƙasa zuwa sama. Sa yaro ya tsaya a kan tanki yana kwashe abin da ya taru, yana kallon kumfa. Idan kumfa ta ƙare, ɗaure bakin kafin ka zare sirinjin. Tsofaffin makanikan Fijo suna da wata dabara mai kama da wannan: su jona tiyo daga bakin birkin gaba zuwa na kulocin ƙasa, su riƙa taka birki a hankali. Tana aiki, amma fa sai man birkin mai tsabta ne, kuma kada a bari tankinsa ya ƙafe. Man birki yana cin fenti, a ajiye ruwa kusa.

Yanzu sa hannu, ba ƙafa ba, ka danna feda. Ya kamata ka ji ɗan wasa kafin sandar ta taɓa fistan na kulocin sama, kamar rabin milimita zuwa milimita 1 a jikin sandar. Wannan wasan ba sakaci ba ne. Shi ke bari fistan ya koma har ƙarshe, ya buɗe wata 'yar ƙofa da mai ke komawa tanki. Makaniki da ya ga kuloci ba ya saki, abin da ya fi zuwa masa a rai shi ne ya ƙara tsawon sandar, wani har walda yake yi mata. Sai ƙofar ta toshe. Da safe mota lafiya, bayan tafiyar rabin awa mai ya yi zafi ya kumbura, ba shi da hanyar komawa, sai ya riƙa danne kaba da kansa, kuloci ya fara santsi. Gane shi ba wuya: lokacin da santsin ya fara, tsaya ka ɗan sassauta bakin fitar da iska. In mai ya yi tsartuwa da ƙarfi alhali babu mai taka feda, kuma santsin ya ɓace, ka kama ɓarawon. Tsohon tiyon da ya ruɓe ta ciki ma yana yin haka, ya bar mai ya wuce ya hana shi dawowa.

Bi layin man da ido tun daga sama har ƙasa. Sabon inji kan zo da bututun salansa da ya bi wata hanyar daban, ya matso kusa da layin. Alamar wannan ita ce feda ta yi laushi a cunkoso, ta dawo daidai bayan mota ta huce. Sa wani ya taka kana riƙe da tiyon roba: in ka ji yana kumbura a tafin hannunka, tafiyar da ya kamata ta isa fok a nan take ƙarewa.

Saura batun girma. In an canja ɗaya daga cikin famfunan biyu da na wata mota, lissafi ya shigo. A ce kulocin sama mai faɗin milimita 19 ne, yana tafiyar milimita 30, na ƙasa kuma mai faɗin 25. Na ƙasan zai yi tafiyar kusan milimita 17. A musanya na saman da mai faɗin 16, tafiyar za ta faɗo zuwa kusan 12. Feda za ta yi taushi, mai mota ya ji daɗi, amma giya ba za ta shiga ba. Waɗannan lambobin misali ne kawai, auna naka, yawanci ana buga faɗin a jikin famfon.

Mataki na huɗu: ƙarƙashin mota, da rula a hannu

A kan rami ko a kan jakunan tsayawa na ƙarfe. Ban yarda da bulo ba, ban yarda da jak shi kaɗai ba.

A nan ne wani dattijon makaniki, wanda ya yi shekaru yana gyaran motocin haya na hanyar Kaduna zuwa Kano, ya shigo labarina. Bai tambayi filet ba. Ya kwanta da rular ƙarfe, ya ce da ni, "Malam, taka mini har ƙasa, kada ka saki sai na ce." Ya auna tafiyar fok, ya je ya auna ta wata 504 da ke gefe wadda kulocinta lafiya yake. Duka ɗaya. Ya miƙe yana karkaɗe riga. "Kulocin sama da na ƙasa sun fita daga zargi. Ciwon yana ciki."

Kwaikwayi wannan. In babu littafin motar a hannunka, mota 'yar'uwarta mai lafiya ita ce littafinka. In tafiyar fok ta gaza, koma mataki na uku. In ta cika, dubi inda fok ɗin yake zaune kafin a taka. In ya riga ya karkata can baya, har yana dukan bakin tagarsa kafin feda ta kai ƙasa, to rilis boris ya yi nisa da yatsun kaba: ko fulawil ya fi na da siranta, ko kaba ta fi gajarta, ko boris ɗin ba nasa ba ne. In kuwa fok ya matse gaba babu wurin komawa, akasin haka ne, kuma santsi zai biyo baya.

Sannan zagaya mahaɗar inji da giyabos da tocila. Ko'ina ya haɗe, ko akwai gefen da wuƙa za ta shiga? Waya ko tiyo bai maƙale a tsakani ba? Notina sun cika? Duba kujerun inji da na giyabos: in roba ta tsage, ko an yi wa sabon injin kujerar walda da ta ɗaga gefe ɗaya, kakkarwa ba za ta rabu da motar ba ko da kuloci sabo fil ne. Sa hambirki, sa wani ya ɗan saki kuloci a giya ta ɗaya kana kallon inji daga gefe, ba daga gaba ba. In ya yi tsalle, fara da kujeru.

Abu na ƙarshe a nan, kalli fulin gaban inji, wato faifan da bel ke zagayawa, lokacin da ake taka kuloci. Wasan karanshaf gaba da baya bai kamata ya kai rabin milimita ba, ido ba ya ma ganinsa. In ka ga fuli ya motsa ƙarara, wosha ɗin da ke tare karanshaf sun cinye, kuma injin da ka saya ne ke da ciwo. Mayar da shi tun kwanakin garanti ba su ƙare ba.

Dattijon ya ƙara gwaji ɗaya. Ya kashe inji, ya sa giya ta huɗu, na danne feda, yara biyu suka tura. Motar ta mirgina ba gardama. Ya ce, "Ka gani? Filet yana saki. Wani ƙaramin abu ne ke jan sandar." Na ce, "Baba, mene ne ƙaramin abun?" Ya ce, "Wa ya yi muku bushin?"

In motar ta ƙi mirginawa sam, kamar ba a taka komai ba, kuma injin ya daɗe a ajiye da kulocinsa a ɗaure, ko motar ta yi damina a tsaye, mai yiwuwa tsatsa ce ta manne filet da fulawil. Wani lokaci yakan ɓalle in aka ɗumama inji, aka kashe, aka sa babbar giya, aka danne birki da kuloci, aka ɗan buga sitata. In bai ɓalle ba bayan gwaji kaɗan, a haƙura a buɗe.

Mataki na biyar: idan ba makawa sai an buɗe

A 504 salun farfela tana cikin wani bututu da ya haɗa giyabos da difa, don haka ja da giyabos baya aiki ne babba, makanikai da yawa sun fi son ɗaga inji. Ko ta wace hanya, cire kan batir tukuna. Kada a hura ƙurar kuloci da iska ko da baki, tsofaffin fatu suna ɗauke da asbestos mai lahani ga huhu. A goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Kada ka bari a watsa kayan a ƙasa. Kowanne yana ɗauke da shaida a jikinsa.

Fara da kan sandar giyabos da bushin. A motata, da yake injin na otomatik ne, an kai wa mai tana, wato mai injin yankan ƙarfe, ya yanko bushin tagulla, aka buga shi da guduma. Bugun ya matse bakinsa. Kan sandar ya fito da zoben tagulla a jikinsa, gefe ɗaya har ya yi shuɗi don zafi. Karanshaf yana juya sandar kai tsaye ta cikin bushin, ko an taka kuloci ko ba a taka ba. Bushin kirki ya kamata ya karɓi kan sandar da hannu, ya juya ba tare da girgiza ba, kuma awon da ke da amfani shi ne na bayan an buga shi, ba na kafin ba. Na asali ana yin sa da wata tagulla mai shan mai kamar soso. In dole sai na mai tana, a bar masa isasshen wasa, a shafa ɗan giris kaɗan. Wajen cire tsohon kuwa, sabulu dattijon ya cusa a ramin har ya cika, ya sa ƙarfe daidai faɗin ramin ya buga, sabulun ya turo bushin waje. Auna kuma zurfi: kan sandar ya shiga bushin sosai, amma kada ya tokari ƙarshen ramin. In ya tokara, zai danne karanshaf ya cinye injin. In babu bushin gaba ɗaya, sandar za ta riƙa lilo, ta kawo kakkarwa, ta kashe boris ɗin gaban giyabos.

Na biyu, ƙusoshin saiti, 'yan gajerun ƙarafan nan da ke tsakanin bulok da giyabos. Notina ɗaurewa kawai suke yi, waɗannan ne ke sa tsakiyar karanshaf ta dubi tsakiyar sandar giyabos. Sukan maƙale a tsohon bulok a tafi da su, ba wanda ya lura. A tawa ɗaya ya ɓata. Gocewar da masu ƙera kuloci ke yarda da ita ba ta wuce kusan milimita 0.13 ba, wato kaurin takarda ɗaya da ɗan ƙari. Wanda ya sa injin wani kamfani, a ce na Toyota, da farantin haɗi da aka yanka a kasuwa, nan ne babbar matsalarsa take. A nemi mai agogon awo ya duba tsakiyar, in ba haka ba za a yi ta canja filet ana ganin cibiyarsa na tsagewa.

Na uku, filet. Fuskokinsa biyu ba ɗaya ba ne. Gefen da cibiya da sifirin suka fi tudu yawanci giyabos yake kallo, kuma akan rubuta a jiki da Turanci ko Faransanci wane gefe ne na fulawil. In an juya shi, za ka ga sifirin sun goge kawunan notinan fulawil sun yi ƙyalli. Irin wannan ƙyallin kan fito ko filet na daidai, in an sa notina masu dogon kai ko an ƙara musu wosha. Zura filet a sandar giyabos, ya kamata ya zame gaba da baya da yatsa biyu. Ƙirga haƙoran, wani lokaci yakan shiga amma da ƙyar. Juya shi a kan sandar ka kalli gefensa: in yana rawa, an lanƙwasa shi lokacin haɗawa. In fatar ta jiƙe da mai, nemo inda man ya fito, ko oyil sil na bayan inji ko na gaban giyabos. Wanke filet da fetur ba ya raba shi da mai, zafi na taɓa shi zai sake tsatsowa.

Na huɗu, fulawil. Tabo mai shuɗi da ƙananan tsagu suna kawo kakkarwa. In za a kai wa mai tana kuma fulawil ɗin mai mataki ne, wato inda filet ke kwanciya daban da inda kaba ke ɗaurewa, to abin da aka cire a fuska ɗaya dole a cire daidai shi a ɗayar. In aka share wurin filet kawai, kaba ba za ta matse ba, sabon kuloci ya fara santsi tun ranar farko. Kafin a ɗaura shi, goge bayan karanshaf tas, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karkatar da shi.

Na biyar, kaba da rilis boris, waɗanda dole su zama 'yan gida ɗaya. Yatsun kaba masu lanƙwasa a baki suna tafiya da boris mai shimfiɗaɗɗiyar fuska, miƙaƙƙun yatsu kuma da boris mai zagayayyen baki. Masu Volkswagen Beetle sun fi kowa sanin wannan: a wajejen 1971 aka canja tsarin, tsohuwar kaba tana da zobe a tsakiya, sabuwar ba ta da shi, kuma giyabos ne ke nuna wadda za a sa, ba inji ba. Su ma suna fama da fulawil na kuloci mai milimita 180 da mai 200. Duba kuma fok ko ya tsage ko ya lanƙwashe, da ƙwallon da yake juyawa a kai ko ya cinye.

Yanzu awon da ya kamata a yi tun ranar farko. Ɗaura filet da kaba a fulawil. Gitta miƙaƙƙen ƙarfe, ka auna daga fuskar bulok zuwa kan yatsun kaba. Sannan a giyabos, tura rilis boris baya har ƙarshe, ka auna daga fuskar giyabos zuwa fuskar boris. Na biyun ya kamata ya ɗara na farkon da 'yan milimitoci, domin yatsun kaba suna tasowa baya yayin da filet ke cinyewa. In tsohon injin yana nan, yi masa awon farkon ka kwatanta. Bambancin da ka gani shi ne abin da za a gyara, ta hanyar samo fulawil, kaba ko boris da ya dace, ba ta ƙara wa sanda walda ba. In kuma sabon injin ya fi tsohon ƙarfi sosai, kamar dizal mai tobo na 505, kulocinsa za a nema, na ƙaramin inji ba zai riƙe shi ba.

Mayarwa

Wanke fuskar fulawil da ta kaba da tina, sababbi suna zuwa da man hana tsatsa. Shafa giris kaɗan a haƙoran sandar, zura filet sau biyu, goge abin da ya taru. Saita filet a tsakiya da tsohuwar sandar giyabos, ba da ido ba. Ɗaure notinan kaba kaɗan-kaɗan, wannan sannan na ɗaya gefen, har su zauna tare.

Wurin haɗawa ne ake ɓata aikin da aka yi da kyau. Inji da giyabos su haɗu da hannu har fuska ta taɓa fuska. In saura yatsa ɗaya suka tsaya, kada a ce "noti zai jawo shi". Sa giya, juya fulin inji kaɗan don haƙora su shiga, in ya ƙi a ja baya a sake saiti. Kada kuma a bar nauyin ɗayansu ya rataya a kan filet ko na minti ɗaya.

Kafin a mayar da lagireto da salansa da sauran tarkace, jona kulocin ƙasa, fitar da iska, sa giya ta huɗu, danne feda, a tura motar. Ta mirgina, a saki feda ta cije. In ba ta yi haka ba, awa ɗaya ka yi asara, ba yini biyu ba.

Bayan an tayar, maimaita gwajin ribas da injin sanyi, ka sake shi bayan tafiyar rabin awa. Kilomita 500 na farko a bi da ita a hankali, ban da lodi mai nauyi, ban da riƙe mota a gangara da kuloci. Bayan mako guda leƙa ƙasan mahaɗar inji da giyabos ko akwai ɗigon mai, ka duba tanki, ka sake danna feda da hannu ka tabbata ɗan wasan nan na sandar sama yana nan. Filet ɗin farko da aka ce jabu ne shi dattijon ya mayar a motata, na biyun yana cikin but a kwalinsa.